Kawu Na-Baya, Mai Rufe Ayarin Kekuna

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, kafin gidan burodin da ke bakin shataletale ya buɗe ƙofa, Kawu Na-Baya ya riga ya jingine kekensa a jikin falwaya, yana jiran 'yan atisaye. Mai gyaran keke ne, shagonsa bai fi zaure ba, kuma shekara ashirin da biyu ke nan duk Talata da Alhamis da Asabar haka yake yi. Su kuwa 'yan atisayen, har da ni mai ba ku labari, ba 'yan gasa ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai nas biyu, har da wani ma'aikacin banki mai keken da ya fi motata tsada. Kowa ya iso sai Kawu ya matsa tayarsa da babban yatsa, ya ja birki, ya leƙa sarƙa. In ya ce ba iska, to ko kai wane ne sai ka sauka ka bugi famfo.

A jere suke tafiya, taya dab da taya, na gaba yana sare wa na baya iska. Da yake na tsakiya ba ya ganin titi sai bayan ɗan'uwansa, duk wanda ya hangi rami sai ya nuna shi da hannu, na bayansa ma ya nuna, har saƙon ya kai ƙarshen layi. Ƙarshen layin nan shi ne gidan Kawu. Can yake da famfonsa da kayan faci a ƙarƙashin sirdi, ba ya wuce kowa ko da mutum tafiyar hawainiya yake yi. Abin dariyar kuwa, shi ma sai ya nuna ramin, alhali ba kowa a bayansa sai iska. An sha tsokanarsa a kan haka, ya ce hannun ne ya saba.

Kada ku ɗauka ƙarfi ne babu. Tsofaffin ayarin sun shaida cewa da ƙuruciyarsa ba mai ganin ƙeyarsa a hawa. Jirgi, saurayin da ya fi kowa gudu yanzu, ya taɓa yi masa ba'a cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Kawu ya ce, "Yi ta gudunka, ɗana. Ran da tayarka ta fashe za ka san inda nake." Ba a yi wata guda ba kuwa aka ga Jirgi tsugune a gefen titi, ya zuba tagumi yana jiran famfon Kawu.

Wanda ya fi kowa sanin Kawu shi ne Alhaji Mai Kemis. Shekara shida da suka wuce likita ya ja masa kunne a kan hawan jini da ƙiba, ya ce ko ya motsa jiki ko ya jira abin da zai biyo baya. Ranar farko, a hawan gada, ayari ya ɓace masa. Ya sauka ya zauna a bakin kwalbati yana haki, kunya ta rufe shi, ya ƙudurta a ransa daga nan sai gida, ba shi ba keke. Sai ga Kawu ya tsaya kusa da shi, bai ko kalle shi ba, ya duƙa yana taɓa sarƙar nasa keken, wai ita ce take ba shi matsala, Alhaji ya taimaka ya jira shi. Sai da numfashin Mai Kemis ya dawo sannan sarƙar ta gyaru. Wata bakwai cur Kawu yana ɗora masa hannu a gadon baya yana tura shi a hawan nan, kuma sai bayan shekara Mai Kemis ya gane lafiyar sarƙar ƙalau tun ranar. Matarsa har yau in ta wuce shagon Kawu sai ta tsaya ta yi gaisuwa, ta ce Kawu ne ya dawo mata da mijinta.

Bana gwiwar Kawu ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya ce a ajiye doguwar tafiya. Shi ba gwiwar ce ta dame shi ba. Akwai sababbin shiga uku da ba su yi ƙwari ba, ya kuma san wanda aka bari shi kaɗai a hanya sau ɗaya ba ya dawowa. Da ya tambayi wa zai karɓi baya, kowa ya sunkuya yana duba tayarsa. Wallahi na ji haushinmu ranar, har da ni kaina, don kowa gaba yake so, inda ake ganin mutum.

Asabar ɗin Kawu ta ƙarshe a ayari, a hawan gadar nan dai, gwiwar ta ƙi. Karo na farko ke nan da Kawu ya zama na baya ba don ya zaɓa ba. Yana gani sababbin shigar ma suka yi masa nisa, ya ciji leɓe, keken ya fara tangaɗi. Sai ya ji hannu a gadon bayansa. Mai Kemis ne ya sassauta, ya bari aka wuce shi, ya zagayo.

"Taka a hankali, Kawu," in ji shi. "Sarƙata ce take ba ni matsala."

Suka haye tare. A gangare Mai Kemis ya koma bayan tayarsa. Da suka iso ramin da ke gindin gada, Kawu ya miƙa hannu ya nuna kamar kullum, sai ya ji murya daga baya: "Na gani, Kawu." Da aka tsaya a shataletale idon Kawu ya yi ja, ya ce iska ce. Ya kwance famfo da kayan facin ya miƙa wa Mai Kemis.

Kawu, kai ne garkuwar mai rauni, mai zuwa ƙarshe don kowa ya isa. Kai ka san ranar da za a tura mutum da ranar da za a yi kamar ba a ga gajiyarsa ba. Ba ka taɓa cin kofi ba, a hotunan ayari ma rabin hular kwanonka kawai ake gani. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu ƙarfin ƙafa, a keke ne ko a ofis ko a cikin gida, ku riƙa waiwaye. Talatar da ta wuce sababbin shigar nan uku duk sun fito, kuma su ukun sun dawo shataletale. A bayansu Mai Kemis ne, yana nuna wa iska rami.