Motar da Ba Ta Wuce Kakau Ba

Ina aji uku a firamare santsi ya kwashe Kakata a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya goce. Daga ranar zama ya gagare ta, sai kwanciya. A gidan hayarmu da ke Nasarawa, kudu da kogin Kaduna, da rana ta faɗi Mama takan shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu, Baba ya ciccibo ta ya kwantar. Mu yaran gidan, namu da na maƙwabta, sai mu zagaye ta da kwanukan tuwonmu. Ƙafa ce ta mutu, amma bakin nan, wayyo! Ni Saratu take ce wa "mai bakin reza", alhali a wurinta na gada.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ke nan. Kowa a layinmu cewa yake yanzu kam za a sha jar miya, masaƙar da ta sallami Baba ma za ta sake kiransu. Ba ta kira kowa ba. Abin da ya rage mana shi ne wata tsohuwar mota mai dogon baya, da ita yake kwasar kayan miya daga kasuwa zuwa unguwanni.

Kaka kuwa abu ɗaya take so a duniya: a kai ta ƙauyenmu can bayan Kagarko ta ga ƙanwarta Ladi. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma Ladi ta makance, ba ta iya tafiya. Motar haya ba ta Kaka ba ce, don a can cusa mutane ake yi kamar buhuna, ita kuwa sai a kwance. Baba ya yi mata alkawarin Kirsimeti. Matsalar ita ce motar tasa 'yar cikin gari ce. Da ta yi doguwar tafiya sai baƙin mai ya ɗau zafi ya tsinke kamar ruwa, jar fitila ta kama a gaban direba, dole a tsaya a buɗe bonet a jira.

Wata yamma Mama na fifita wa Kaka kunu, tana juye shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan don ya huce. Kaka ta kalle ta, ta yi ƙwafa, ta ce, "To, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku."

Ta ce an yi wata shekarar yunwa. Wata mata ta kakkaɓe rumbunta ta samu gero cikin tafin hannu, ta dama kunu ludayi uku, ga ɗanta na kuka kamar ransa zai fita. Kunun da zafi, ba ya shayuwa. Maimakon ta ajiye ta jira, sai ta ruga gidan maƙwabciya ta aro ƙwarya ta juye. Bai huce ba. Ta ruga gida na gaba ta aro wata. Ƙoren kuwa duk sun bushe, sun daɗe ba su ga abinci ba, kowace aka zuba sai ta lashe nata rabon. Kaka takan kwaikwayi muryar matar, siririya, tana haki: "Yi haƙuri ɗana, saura kaɗan ya huce!" Mu kuma mu yi ta dariya. Da ta kai ƙwarya ta bakwai, ta sa yatsa ta ji sanyi ƙalau. Ta duba, babu komai sai danshi.

"Yaron fa, Kaka?" na tambaya.

"Ke dai ba kya barin magana ta kwanta. Na sauke ta nan, mai ƙarfi ya ɗauka."

Baba yana kan benci yana wanke hannu da kananzir. Ban ma san yana ji ba. Sai kawai ya miƙe ya ce wa Kaka, "Mama, kin ba ni dabara! Man nan a tukunya ɗaya yake zaune, shi ya sa yake dahuwa. In ya fita ya sha iska ya dawo fa?"

Kaka ta ce, "Ayuba, rabin tatsuniyar ka ji."

Bai tsaya jin sauran ba. Baba ba sakarai ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Shekara da shekaru yana gyaran injinan saƙa, hannunsa ya san ƙarfe. Ya je wurin masu gwangwan ya samo bututun jan ƙarfe na tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, mai lanƙwasa kamar hanjin akuya. Ya wanke cikinsa da fetur, ya ɗaure shi a gaban lagireto inda iska ke bugowa. Ya sa aka fafe masa wani farantin ƙarfe mai hanci biyu, ya dasa shi a gindin matatar mai, mai ya fita ta hanci ɗaya, ya zaga cikin bututun, ya dawo ta ɗayan. Tsakanin farantin da bututun ya haɗa da tiyo. Bakin tiyon kuma ya naɗe shi tamau da robar tsohon tayar keke, irin wadda muke ɗaure komai da ita a unguwa, daga famfo mai yoyo har ƙafar kujera.

Malam Garba, wani bakanike daga Makera da suke shiri da Baba, ya leƙo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wallahi Ayuba kanka na ja. Amma robar nan ban yarda da ita ba. Ruwa take riƙewa, ba mai mai zafi ba. Ka nemi maɗaurin ƙarfe mai noti."

Baba ya ja tiyon da ƙarfinsa, bai motsa ba. Ya ce, "Malam, ja ka ji. Ko jaki ba zai cire wannan ba."

Sati biyu yana gwada ta, Nasarawa zuwa Kakuri, Kakuri zuwa Unguwar Sanusi, jar fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ban taɓa ganin Baba da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Kaka ta sa aka wanke mata zanen cocinta, ta ƙulle sabulu da gishiri da ɗan kwalin da za ta kai wa Ladi.

Ana jibi Kirsimeti muka tashi da hantsi. An kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa, Kaka a kai, kanta a cinyata. Muka hau titin Abuja. Baba ya taka mota yadda bai taɓa taka ta a cikin gari ba, yana waƙar coci, Kaka na amsawa daga kwance. Muna isa gidajen ƙauyen Kakau na ji wani wari kamar an ƙona roba. Jar fitila ta kama.

Mama ta ce, "Baban Saratu, tsaya!"

Ya ce, "Rana ta yi zafi, bari in kai ta inuwar mangwaron can."

Saboda Kaka ya faɗi haka, na sani. Ba mu kai mangwaron ba. Injin ya yi wata ƙara kamar ana dukan tukunya da taɓarya, ya yi shiru. Da muka fito muka waiga, ga baƙin layi shimfiɗe a kan kwalta har inda ido ya tsaya. Zafi ya narkar da robar, tiyon ya zame, man duka ya tsiyaye. Injin ya buga.

Baba ya zauna a bakin titi ya haɗa kai da gwiwa. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka ba sai ranar, kuma na tsani ganin. Kaka ta kira shi ta taga: "Ayuba, tashi, mutane na kallo. Ai na ga hanya, na ga gonaki. Ya isa." Wata motar itace ce ta ja mu da igiya zuwa gida, ana ta kallonmu.

Motar ba ta sake tashi ba, masu gwangwan ne suka yanka ta. Baba ya koma dako a kasuwa. Kaka ta ci gaba da kwanciya a bakin murhu, amma in muka ce ta ba mu tatsuniya sai ta ce bakinta ya gaji. Farkon damina ta rasu, aka binne ta a Kaduna.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga masu gaggawa, har ina jin haushin Baba. Sai da na haifi nawa na gane matar nan ba wauta ta yi ba. Yaro na kuka a gabanki, wace uwa ce za ta naɗe hannu ta jira? Wanda ba shi da komai, in ya zauna ya rasa, in ya tashi da dabararsa ma ya rasa. Kaka ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa zagin matar ba, ba ta kuma taɓa ce wa Baba ai na faɗa maka ba. Wannan bai sanyaya mini zuciya ba ko kaɗan.

Sai da na gama sakandare na samu zuwa ƙauyen. Na tarar da Kaka Ladi a ƙofar ɗakinta, ta tsufa tukuf. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce goshin na yayarta ne. Ta ce waccan Kirsimetin ta sa an yanka kaza, ta hana kowa taɓawa har kwana biyu, duk motar da ta ji sai ta ce a fita a duba.

"Me ya hana ta zuwa, jikata?"

Na ce, "Mota ce ta lalace, Kaka."

Ba ta ɗauke hannunta daga kumatuna ba. Can ta ce, "Mota kawai?"

Na ce mata e.