Bisimillar da Na Saka wa Na'ura

Iyakar karatuna firamare ce a Aujara. Da na zo Dutse, aikin shara da tayar da janareta na samu a wani ɗan ofis da ke yi wa makarantu masu zaman kansu shafin duba sakamakon jarrabawa. Mai ofishin, wanda muke kira Injiniya, ya lura ina leƙen kwamfutarsa in ina goge tebur. Ya zaunar da ni ya koya mini buga rubutu, daga baya ya koya mini shiga babbar kwamfutar da muke haya a wata ƙasa, wadda a ofis ake ce wa saba. Ban taɓa ganinta ba, shi ma bai taɓa ba. Baƙar fuska ce kawai ke buɗewa a kwamfutar ofis, da ɗan layi a hagu mai ɗauke da sunan na'urar, yana jiran umarni. Ka rubuta, ta aikata, layin ya sake fitowa a ƙasa yana jira.

Saba biyu gare mu, ta gwaji da ta gaske, kuma layinsu iri ɗaya ne. Injiniya ya ce wata rana wani zai goge sakamakon yara yana zaton a ta gwaji yake. Ya nuna mini fayil ɗin da ake gyara layin a ciki, ya ce in mayar da na ta gaske ja.

Na mayar da shi ja. Sai na yi ƙari, na rubuta cikakkiyar bisimilla a farkonsa. Ni mutum ne mai fargaba, duk lokacin da zan danna maɓallin aika umarni sai gabana ya faɗi. Na ga in sunan Allah yana gaban kowane umarni, ba abin da zai ɓaci. Da Injiniya ya gani dariya ya yi, ya ce yanzu na'urar ma ta fi wasunmu riƙon addini. Ya bar shi haka.

Na yi makonni ina jin daɗin abin. Ran nan da hantsi na ja fuskar sama don duba wani aiki, sai na ga bisimilla jere bisa jere, a gaban kowace akwai abin da na rubuta: goge wannan, kashe wancan, zubar da tsofaffin fayiloli. Da fuskar ta cika na yi abin da na saba, na ba da umarnin sharewa, duk suka ɓace. A nan hannuna ya tsaya. Ni da in na tsinci takarda mai sunan Allah a hanyar kasuwa sai na kaɗe mata ƙasa na soke ta a tsagar bango, ga ni ina share shi wuni guda ba ko alwala.

Na tambayi Injiniya ko na'urar tamu ce mu kaɗai. Ya ce a'a, kamar ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya, kuma ba a gaya wa mutum su waye maƙwabtansa. Zai yiwu masu caca ne, zai yiwu masu sayar da giya. Shi bai ɗauki maganar komai ba, ya ci gaba da shan shayinsa. Ni kuwa ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ran Juma'a na hau mota zuwa Aujara wurin Baffa, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar mahaifinmu shi muke kai wa irin wannan tambaya. Na same shi a zaure yana tufka igiyar tumaki. Na daɗe ina bayani kafin ya gane cewa akwai na'ura a wata ƙasa da ke maimaita abin da na koya mata. Ya tambaya ko akwai mai karantawa a can, na ce babu. Ya tambaya ko ita na'urar ta san abin da take rubutawa, na ce ba ta sani ba. Ya murza igiya a cinyarsa.

"To kai fa, ɗan nan, in za ka danna abin, kana faɗa da bakinka?"

Na ce a'a. Tun ranar da ta fara fitowa da kanta na daina faɗa. Idona ma wucewa yake ta kanta kamar yadda ake wuce allon shago.

"Wato ɗan ƙwadago ka ɗauka ya riƙa yi maka bisimilla," in ji shi, "ka tura shi garin da ba ka sani ba."

Bai ce na yi haramun ba, bai kuma ce ban yi laifi ba, da na so ya faɗi ɗaya. Cewa ya yi kawai in je in cire, in koma faɗa kamar kowa.

Ran Litinin na buɗe fayil ɗin, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na kasa dannawa. Injiniya ya ga na daɗe a zaune, ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce ba sai an goge ba. Ya saka wata alama mai kama da ɗan tsani a farkon layin, ya ce duk layin da aka sa wa wannan, na'urar tsallake shi take yi. Muka fita daga sabar muka sake shiga, sai jan layi da sunan na'ura kaɗai. Na ji sanyi a raina, amma bai daɗe ba. Na tambaye shi ko rubutun na nan a can. Ya ce yana nan kwance cikin fayil.

"In mun daina hayar fa?"

"Masu ita za su share komai su ba wani, Malam."

Ke nan wani da bai san mene ne ba shi zai share shi tare da sauran tarkacenmu. Ni na kai shi can, kuma so nake in bar wa baƙo aikin don kada hannuna ya taɓa.

Na tashi na ɗauki buta na zagaya bayan ofis na yi alwala. Da na dawo Injiniya ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskata ya fasa, ya koma teburinsa. Na zauna na kai alamar rubutu ƙarshen layin. Na karanta shi a fili sau ɗaya, sannan na shiga gogewa harafi bayan harafi daga baya zuwa gaba, ina istigfari, har wurin ya zama fili. Na ajiye fayil ɗin na rufe.

Akwai sakamakon wata makaranta a garin Taura da ke jira a ɗora tun safe. Na rubuta umarnin a gaban jan layin, na yi bisimilla da bakina, na danna.