Makin Najiba Ya Kai, Amma Ba a Ɗauke Ta Ba

Duk wanda ya san Malam Halilu na Lanham, wani gari kusa da Washington, ya san labarin maki uku. Kai, ko mai shagon da Malam yake sayen doya a wurinsa ya haddace shi. Yana saurayi a Gumel ya zauna jarrabawar JAMB da burin karatun likita, maki uku kacal suka tare masa hanya. Sai ya ɓuge da aikin gwajin jini. Da shi ya zo Amurka, shi yake yi har gobe a wani asibiti. Mutum ne mai haƙuri, amma in likita ya gifta da farar riga sai ka ga ya bi shi da ido. Abin yana cin ransa, wallahi, shekara da shekaru.

To, sai Allah ya ba shi 'ya, Najiba, ga kai kamar me. Ranta ya kwanta da wata babbar jami'a a cikin Washington, irin wadda ake ɗaukar ɗaya a sallami goma. A wurin Malam kuwa lissafin ba wuya: akwai makin da ake yankewa, wanda ya haye ya shiga. Haka ya sani tun daga gida, kuma bawan Allahn nan ba ya ɗaukar gyara.

Yarinyar tana cikin 'yan tseren makarantarsu, ranar Asabar kuma tana koya wa yaran masallaci lissafi. Ya soke duka.

"Guje-guje ba ya sa mutum ya zama likita," in ji shi.

Matarsa Sailuba ta ce, "Baban Najiba, an ce fa a ƙasar nan har waɗannan suke dubawa."

Ya ce ai wannan hirar mata ce ta gidan biki. Shekara biyu yarinya ba ta da aboki sai littafin SAT, jarrabawar shiga jami'a.

Sakamako ya fito, saura ƙiris ta cinye duka. Zo ka ga Malam! Ya je gona ya sa aka yanka rago, ya buga waya Gumel gida-gida, har ya fara kiranta Dokta, alhali jami'ar ba ta ce uffan ba.

Ƙarshen watan Maris amsa ta zo: ba a ɗauke ta ba. Najiba ta kulle kanta a ɗaki. Malam ya rantse kuskure ne. A can gida in haka ta faru, uba yakan sa babbar riga ya je da ƙafarsa ya ga magatakarda. Haka ya yi, da hula da turare, ya sa 'yar a mota. Da suka isa ta ƙi fita.

Wata mata ce ta karɓe shi a ofis, da fara'arta. Ta ce dubban yara ne ke zuwa da irin wannan makin, kuma yawancinsu haƙuri ake ba su.

"To nawa ne makin da kuke yankewa?"

"Babu shi, yallaɓai. So muke mu san wace ce yarinyar. In ta rufe littafi, me take yi?"

Malam ya tuna da tseren nan da yaran masallaci. Amsar akwai ta, sai dai ta shekara biyu da mutuwa, kuma shi ya kashe ta da hannunsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya yi godiya ya fito, rigar ta yi masa nauyi.

A mota ya tarar da Najiba, ido ya kumbura, amma har yanzu da sauran sa rai. Ita da kullum sai dai ta amsa masa da Turanci, yau da Hausa ta tambaye shi.

"Baba, me suka ce?"

"Sun ce makinki ya yi kyau ƙwarai."

Ta juya tana kallon ɗaliban da ke shiga ƙofar da jakunkunansu. Can ta ce, "Ai na yi duk abin da ka ce, Baba."

"Kin yi, 'yata," in ji shi. "Wallahi kin yi."