Kiran Laminu Ranar Zuba Dal

Har gobe ba zan manta da ranar da muka zuba dal na wani bene a hanyar Silet ba, can ƙasar Larabawa inda muke ci-rani, wata Laraba, sati biyu bayan Sallar Layya. Lokacin ni ne shef na magina. Ni ke ɗaukar ma'aikaci, ni ke raba aiki, ni ne kuma mai ginin ke yi wa faɗa in bango ya karkace.

Bari in koma baya kaɗan. Shugaban ƙasarmu na lokacin, ni ɗan a-mutunsa ne. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma lokacin zaɓe babu wanda ban buga wa waya ba a garinmu, har gwaggota da ba ta ji sosai. In ana gardamar siyasa a Kasuwar Assihar, da an hango ni sai a ce ga kakakin gwamnati ya iso. Da ya hau mulki ya yi jawabi a rediyo cewa za a gina lekkol, wato makarantu, da gidajen likita ko'ina, magina da ke ƙetare su koma gida, aiki na jiransu.

Akwai Laminu, mutumin Damagaram, maginin da ya fi kowa hannu a cikin mutanena. Shekararsa huɗu bai ga 'ya'yansa ba. Ya tambaye ni, "Shef, in tafi?" Na ce, "Tafi. Wannan mutumin ba ya magana biyu." Ya tattara kayansa ya tafi.

Wata takwas yana gida. An zo an aza harsashin lekkol ɗin garinsu da kiɗa da hotuna, aka ɗora bulo biyar, shi ke nan. Daga nan sai canjin ministoci, yau a naɗa wannan, gobe a cire shi. Ni kuwa ina ta ba da uzuri a Assihar, har bakina ya gaji. Da hatsin gidansa ya ƙare, Laminu ya kira ni ya ce zai dawo. Ba shi da takardu, don haka zai biyo motar da ke ratsa daji daga Arlit. Ya ce in Allah ya so Litinin yana nan.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce, wayarsa a kashe. Ranar Laraba na tashi babu labarinsa, ga kuma dal.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, dal shi ne rufin kankare. In aka fara zubawa ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, don in wani gefe ya sha iska kafin a haɗa shi da sabo, wurin zai tsage, ruwa ya riƙa bi. Shi ya sa na kafa doka da bakina: ranar dal babu mai taɓa waya. Na taɓa korar lebura a kan haka.

Wajen ƙarfe goma, ina kan katako ina daidaita kankaren, waya ta yi motsi a aljihuna. Na ji a jikina Laminu ne. Na dubi mutum goma sha biyu suna miƙa bokiti, na dubi mai ginin, wani dattijon Balarabe, yana tsaye a ƙasa. Na ce a raina, bari mu kai wancan ginshiƙin. Ta sake motsi, ta sake. Ban ɗauka ba.

Sai bayan Azahar muka rufe. Na duba, baƙuwar lamba ce, kira uku da saƙo guda: motarsu ta lalace tun Litinin kusa da iyaka, ruwa ya kusa ƙarewa, in gaya wa ɗan'uwan direban a garejinsa ya aiko mota. Wayar direban ce, irin wadda ke kamawa ko a tsakiyar sahara, kuma lambata kaɗai Laminu ya haddace. Na kira, ba ta shiga.

Mai ginin ya ga fuskata ya ce, "Lafiya, Shef?" Na gaya masa. Sai ya buɗe mini ƙofar motarsa. Muka sami garejin, motar ceto ta tashi da La'asar, alhali da na ɗauki kiran nan da tun hantsi tana hanya.

Sai washegari aka same su. Duk suna da rai, amma Laminu ɗaukarsa aka yi. Sati guda yana kwance, leɓɓansa duk sun tsattsage. Da ya fara magana na zauna kusa da shi ina ta zagin shugaban, ina cewa ya ci amanarmu, ya mayar da mu wawaye. Laminu ya bari na gama, sannan ya ce, "Shef, ni fa ban taɓa yarda da shi ba. Da kai na yarda."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Shugaban ya ba ni haushi, har yau yana ba ni, amma shi bai san Laminu ba, ni na san shi.

To, ku da za ku zama shef gobe, ku sani maganarku tana da nauyi a wurin mutanenku fiye da jawabin rediyo. Abin da ba ku auna da hannunku ba, kada ku ce wa mutum ya taka. Dokar waya kuwa tana nan, sai dai yanzu ranar dal mai dafa mana shayi ke riƙe wayoyin kowa, kuma duk wadda ta yi ƙara sai ya ɗauka.