Cindo Sarkin Gaiwa da Karensa

A Dakoro, garin da ba kogi, maƙwabcina Cindo ya rantse shi masunci ne. Ba shi da koma, ba shi da ƙugiya. Hauya gare shi, da wani kare mai kunne ɗaya a karye, wai shi Ba-ruwanka.

Idan tabki ya ƙafe da rani, gaiwa kan shige cikin laka ta kwanta har ruwa ya dawo. Ita Cindo ke haƙowa a wajen garin Ɗan Gulbi. Yana gaya wa mutane wai kunne yake kafawa a ƙasa ya jiyo minsharinta, gadon kakansa ne. Karen kuma wai gadin takalmi kawai yake zuwa yi. Da wannan ƙarya ya samu sunan Sarkin Gaiwa, kuma ya fi son sunan da tuwon dare. Ni da matarsa Furera mun san kare ne ke sunsunowa, muka ja bakinmu.

Bara Alhaji Mutari, mai sayar da hatsi, ya ce zai bi shi da abokansa su ga ikon Allah.

"Amma hwa ban da karen ga," in ji Alhaji. "Ba ni cin kihin da kare ya shinshina."

Cindo ya ɗaure Ba-ruwanka a gida, muka tafi.

Tun hantsi yake rarrafe, kunne a ƙasa, yana ce mana mu yi shiru. Ramin farko ya ba shi kwaɗo. Na biyu, tsohon takalmin roba. Kafin la'asar rabin fuskarsa ta zama laka, ƴan kallo sun fara ƙunshe dariya. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Can sai ga Ba-ruwanka a guje, yana jan guntun igiya. Bai kula kowa ba, ya nufi tabarmar da Alhaji ke zaune, ya hau tono a gefenta. Alhaji ya yi tsalle yana salati, wani abokinsa ya ɗaga sanda zai maka wa karen.

Cindo ya sha gabansa.

"Kada ka taɓa shi! Shekara tara shi ke ci da ni. Kunnen ga nawa ko kiran Hurera bai ji, balle minsharin kihi."

Ya sa hauya inda karen ya tona, ya zaro gaiwa mai tsawon hannu. Alhaji ya dube ta, ya haɗiye yawu, ya ce a wanke ta sau bakwai a kai masa gida.

Yanzu sarautar ta koma kan kare. In sun fito, matan unguwa kan ce, "Sarki ya hito, ga mai ɗaukar masa hauya." Cindo kan gyara hauyar a kafaɗa, ya bar sarkin ya wuce gaba.