Ranar da Ba a Yi Fassara Ba

Shekarar da tattalin arziki ya durƙushe, kamfaninmu na jigilar kaya a tashar jiragen ruwa ya ba mu hutu. Konje teknik suka kira shi, wato ka zauna gida ba albashi, amma cikin mutunci. Na tattara Faransancina na koma unguwarmu ta New Bell, na zama makarancin unguwa, muƙamin da ba wanda ya yi takara da ni a kansa.

Da safe yara ake turo min, waɗanda ko makaranta ba su isa shiga ba. Littafi ɗaya gare mu, na wani kerkeci da ke yawo cikin ƙanƙara. Gumi na tsiyaya, ina ta bayanin ƙanƙara ga yaran da ruwan kwata ke kwana a ɗakinsu duk damina. Ban taɓa ganin alƙalai marasa imani irinsu ba. In na tsallake shafi, sai wata mai majina ta kama hannuna ta mayar da ni baya.

Bayan la'asar kuma sai dattawa da jarida, a bencin ƙofar gidanmu. Nakan karanta jimla da Faransanci, in juya ta Hausa, sannan su gyara wa gwamnati kurakuranta. 'Yan kasuwa ne, 'ya'yansu duk da rumfunansu. Mahaifina kaɗai ya bar ɗansa a boko har ƙarshe, sun kuwa sha yi masa dariya. Yanzu idonsa ya tafi, ba shi da abin tinƙaho a bencin nan sai aikina. Kullum sai ya sanar da su, ba tare da an tambaye shi ba:

"Hutu yake yi. Wata mai zuwa za su kira shi."

Wani abokinsa mai sayar da goro kan ce, "Allah ya sa, Alhaji. Konjen nan kam ta yi albarka, ta kusa yaye."

Ran nan na buɗe shafin ciki, bakina ya riga idona. Na furta sunan kamfaninmu kafin in ga inda jimlar ta dosa: an rufe shi, za a yi gwanjon kayansa. Na yi shiru. Mai goro ya gyara zama yana jiran Hausa.

Faransancin mahaifina na ciniki ne kawai, amma ya san sunan, ya kuma san shirun ɗansa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar lokacin ba.

"Ci gaba," ya ce. "Yau ba fassara. Bar su su ji yadda ake Faransanci."

Ko Faransancin kasuwa ya isa mutum ya gane an rufe wuri. Duk sun gane, har mai goro, wanda ya sunkuyar da kai. Na gyara murya na karanta mutuwar aikina tiryan-tiryan, da lafazin da ya fi na kullum kyau. Mahaifina na gyaɗa kai, yana juya fuska dama da hagu wajen abokan da ba ya gani.