Abin da Hajja 'Yar Sin Ta Faɗa wa Kawu

Kawuna ya yi shekara hamsin yana son ƙasar Sin bai taɓa zama da mutumin ƙasar ko ɗaya ba. Ni ce na kai shi wajen ta farko, kuma har yau in na tuna yadda abin ya ƙare sai raina ya ɓaci.

Wan mahaifiyata ne. Can Jazira aka haife shi, yankin noman auduga a bakin Nilu, a kambo, wato 'yan bukkokin da ake ware wa leburorin auduga a bakin gona, nesa da famfo, nesa da makaranta. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya tsinkar auduga, tsayawar da ta zama zama. Gona ba tamu ba ce, ko taki ɗaya. Yana saurayi ya gudo birnin Bahri ya shiga masana'antar mai da sabulu. A can 'yan ƙungiyar ma'aikata suka koya masa karatun boko, suka kuma gaya masa akwai wata ƙasa a gabas inda irinsa suka karɓe mulki, aka raba wa kowane lebura gonarsa. Sau biyu ana ɗaure shi saboda wannan aƙida. Yatsu biyu na hannunsa na hagu ba sa lanƙwasawa tun ɗaurin farko. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mai surutun bakin titi ne. Ya ji jiki a kan abin da ya yarda da shi.

Muna yara a unguwar Alhilla Kuku yana da wata akwatin ƙarfe cike da mujallun hotuna na Larabci da ake bugowa daga Sin. Yakan zaunar da mu ya buɗe. Mata ne suna dariya a cikin alkama har ƙirji, maza suna tuƙa tarakta, yara masu kumatu. Sai ya ce mu duba da kyau, waɗannan duk 'ya'yan kambo ne kamar mu.

Na girma, na yi aure, masana'antar da mijina ke aiki ta rufe, na fita neman abin yi. Na samu a wata gonar kayan lambu a Soba, kusa da kogi. Mai gonar tsohuwa ce 'yar Sin, gajera, kullum da malafa da takalmin roba. Ɗanta injiniya ne a wani kamfanin hanya, shi ya ɗauko ta, ita kuwa ta kasa zaman ɗaki, ta karɓi hayar fili tana noma kabeji irin nasu da kokwamba da albasa mai lawashi tana kai wa 'yan ƙasarsu. Hajja muke ce mata, duk da ba ta san inda Makka take ba. Ba mai sauƙi ba ce. Tana da faɗa, kuma in ka bar ganye ɗaya mai kyau a ƙasa sai ta ɗauko ta nuna maka a fuska. Kullum akwai dafaffen dankali a aljihun rigarta, ko da yanzu ta tashi daga cin abinci. Larabcinta ba jiya ba gobe, ba namiji ba mace, amma bayan shekara huɗu ina wanke kaya a gefenta babu wanda ya kai ni gane maganarta.

Tun da Kawu ya ji labarin inda nake aiki ya hana ni sakat. Na yi ta kaucewa har na gaji. Wata Asabar da hantsi ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya zaɓi mujallu biyu, muka shiga mota har Soba.

Ta karɓe shi a rumfar da muke ɗaure kaya. Ta ba shi ruwan zafi da ganye babu sukari, ya shanye don kunya. Ya yi mata dogon jawabi a kan 'yan'uwantakar talakawan duniya, na taƙaita mata cewa yana son ƙasarsu. Sannan ya tambaye ta ko gaskiya ne an raba wa manoma gona. Ta ce gaskiya ne. Kafin a haife ta aka yi, mahaifinta ya sami fili da rabin san noma, shi da maƙwabci, kuma uwarta ta ba ta labari cewa ranar ta yi kuka don murna. Kawu ya dube ni, fuskarsa kamar an yi masa bushara.

Sai ta ci gaba. Ta ce ba a yi shekaru masu yawa ba aka dawo aka karɓe, da filin da san. Ni kuwa da na juya wajen Kawu sai na ce an haɗa gonakin wuri ɗaya. Ta ce an bi gida gida an kwashe tukwanen ƙarfe don a narka, aka hana kowa hura wuta a gidansa. Na ce masa an buɗe wa ƙauye madafa ɗaya. Ban san lokacin da na fara wannan gyare-gyare ba, tausayin tsohon ne ya kama ni. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana murmushi. Hajja ta dubi murmushin, ta dube ni, ta buga mini hannu a gwiwa.

"Ke, faɗa masa daidai," in ji ta.

Daga nan na daina gyarawa.

Ya buɗe mata hoton matan nan da ke cikin alkama. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce ta san irin wannan gonar. In manya za su zo daga birni, sai a tumɓuke amfanin gonaki da yawa a dasa a fili ɗaya a matse, a ɗauki hoto, bayan kwana uku duk ya bushe. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka yi wannan dakon. Shugabannin ƙauye su rubuta cewa an samu ninkin abin da aka samu, don wanda ya rubuta gaskiya ana cire shi a kira shi maƙiyi. Hukuma kuma ta zo ta ɗebi rabonta bisa ƙaryar da aka rubuta. Abin da ya rage bai kai wata biyu ba.

Tana da shekara bakwai ko takwas a lokacin. Ta ce sun ci ɓawon itace, sun ci ƙaiƙayi, daga baya wata farar ƙasa da ke cika ciki ta hana fita bayan gida. Uwarta ta ɓoye 'yar hatsi a cikin matashin kai. Aka zo da sandunan ƙarfe ana caka ƙasa da bango, aka samo, aka durƙusar da ita a gaban ƙauye tun safe har rana ta karkata, maƙwabta suna zaginta saboda wanda bai zaga ba shi za a durƙusar gobe. Kakanta ya fara mutuwa. Sai ƙanwarta mai shekara huɗu, wadda ƙafafunta suka kumbura har fata tana sheƙi. Ba a barin kowa ya fita neman abinci, akwai masu gadi a kan hanya, ba takarda ba wucewa. Kuma rumbun hukuma yana nan a garin gunduma, a kulle, da hatsi a ciki.

Duk wannan tana faɗa ne hannunta yana ɗaure albasa.

Kawu ya gyara zama. Ya ce ai an san an yi fari a waɗannan shekaru, kuma manyan ƙasashe sun yi musu ƙawanya. Ta ce a ƙauyensu dai an yi ruwa. Ya ce to ƙananan ma'aikata ne suka ɓata abin, na sama ba su sani ba. Ta ce ita ba ta san abin da na sama suka sani ba, abin da ta gani shi ne 'ya'yan sakataren ƙauye ba su kumbura ba.

Ya koma kan gadoji da asibitoci, har da waɗanda suka zo suka gina mana a nan. Ba ta musa ba. Ta ce ta yi karatu, abin da uwarta ba ta samu ba. Ɗanta injiniya ne. Yau babu mai kwana da yunwa a ƙauyensu. Amma ta ce ya sani, da aka gaji aka mayar wa kowane gida filinsa ya noma, cikin shekara biyu suka ƙoshi. Ƙasar ita ce, hannuwan su ne. Sakin su kawai aka yi.

Ana cikin haka motar kamfanin ɗanta ta shigo ɗaukar kaya, direban ɗan ƙasarsu ne. Nan take ta yanke magana, ta tura mujallun ƙarƙashin buhu, ta shiga yi mini faɗa a kan kokwamba. Mace ta kusa saba'in, a bakin Nilu, tsakaninta da ƙauyenta tafiyar da ban san iyakarta ba, tana tsoron a ji ta ambaci ƙanwarta da ta mutu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a ranar.

A mota, da muka hau gada, Kawu ya juyo wajena. Ya ce baiwar Allah ta sha wuya, amma ba a auna tarihin ƙasa da labarin mutum ɗaya.

Bayan mako uku na raka shi Omdurman. Tsofaffin abokan gwagwarmayarsa sukan haɗu ranar Juma'a su yi karin kumallo a gidan wani tsohon malamin sakandare, kuma gwiwoyin Kawu ba sa barinsa hawa mota shi kaɗai. Ina cikin gida ina taya matar gidan, na fito da farantin ful, wato dafaffen wake, da burodi, sai na tarar shi ke da magana. Yana gaya musu ya zauna da wata manomiya 'yar Sin, ta tabbatar masa da bakinta cewa an raba wa mahaifinta gona, uwarta ta yi kukan murna, ita ta yi karatu, ɗanta injiniya ne. A nan ya tsaya. Suna ta cewa madalla.

Na ajiye farantin da ƙarfi har mai ya fantsama. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Kawu ba, balle a gaban baƙi. Na ce ya ƙarasa. Na ce ya faɗi tukwanen, ya faɗi sandunan ƙarfen, ya faɗi yarinyar mai shekara huɗu. Da bai faɗa ba na faɗa da kaina, a tsaye, da Larabci don kowa ya ji. Na ce mu da aka haifi iyayenmu a kambo mun san yadda ake noma a bar mai noman da yunwa, bai kamata mu ne za mu rufa wa masu yin haka asiri ba don kawai sun iya kiran sunan talaka.

Na zaci za su ƙaryata ni. Mai gidan ya cire tabarau ya goge, ya yi magana a hankali kamar yana aji.

"'Yata, zauna. Waɗannan abubuwa mun san su tun da daɗewa. An rubuta su. Kowane juyi yana da farashinsa."

Na dubi Kawu. Bai san sun sani ba, a fuskarsa na gani. Waɗannan mutane masu karanta littattafan waje, masu 'ya'ya a jami'o'i, sun sani shekara da shekaru, suka bar leburan da suka koya wa baƙi da fari yana yawo da hotunan ƙarya yana nuna wa yara. Shi suke turawa gaba ranar zanga-zanga, shi ake kamawa. Ko sau ɗaya babu wanda ya ga ya isa a zaunar da shi a gaya masa gaskiya. Kuma farashin da malamin ke faɗa yana miƙa hannu ga burodi, ba shi ya biya ba, ba 'yarsa ce ta kumbura ba.

Kawu ya tashi ya nemi takalmansa. Bai yarda na riƙe masa hannu ba har muka isa gida.

Wata biyar ba ya amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta matsa sai na je na ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce ya yafe mini ɗaga murya, amma maganar ba zan janye ta ba. Ya ce bai ce na yi ƙarya ba. Ya ce shi dai ya tsufa da sake wani sabon tunani, in bar shi. Daga ranar bai ƙara zuwa Omdurman ba, bai kuma ƙara ambaton Sin a gabana ba. Ko ya daina yarda ne ko ya daina magana ne kawai, ban sani ba.

Hajja ta tambaye ni sau ɗaya me tsohon ya ce. Na ce yana godiya. Ta ce wanta ma har yau hoton shugaban ƙasarsu na wancan zamanin yana rataye a ɗakinsa, in ta je gida ba sa taɓa zancen.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan, ɗanta ya sa ta a motar da ta kwashe 'yan ƙasarsu zuwa bakin teku, ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Mu muka gudu Gadarif wajen dangin mijina, a can Kawu ya rasu bayan 'yan watanni, ciwon ƙirji, babu magani. Kwana biyu da binne shi sai ga waya daga Alƙahira. Tsohon malamin ne, yana ta'aziyya. Ya ce an yi rashin gwarzon ma'aikata, mutum mai tsarkin zuciya wanda bai taɓa shakka ba ko rana ɗaya. Na miƙa wa mahaifiyata wayar na koma wajen wanke kwanukan masu zaman makoki.